Shari'ar Fayil 14,000

A ranar 13 ga Disamba, 2016, wani kamfani mai ƙera allunan lantarki ya aika saƙon imel game da aikin da yake yi wa Uber. Garin zaɓar sunayen waɗanda za a tura wa, sai aka saka adireshin wani ma'aikacin Waymo, kamfanin motoci masu tuƙa kansu da ya fito daga cikin Google. A jikin saƙon an liƙa zanen wani allon lantarki, irin faifan nan da ake jera ƙananan kayan wuta a kansa. Da injiniyoyin Waymo suka buɗe zanen, sai suka ga abu kamar an tsaga kara da nasu, alhali nasu ɗin ba a taɓa nuna wa kowa a waje ba, ban da masu ƙera musu kaya da suka sa hannu a takardar riƙe sirri. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, a ranar 23 ga Fabrairu, 2017, lauyoyin Waymo suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke San Faransisko.

Sunan da ya cika takardar ƙarar shi ne Anthony Levandowski. An haife shi a Brussels ta ƙasar Beljiyam a 1980, ya koma Kalifoniya yana matashi, ya yi karatun injiniya a jami'ar da ke Berkeley. A 2004 hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta shirya gasar ababen hawa marasa direba a hamadar Mojave. Sauran 'yan gasa suka zo da motoci, shi kuwa ya zo da babur mai tuƙa kansa. Babur ɗin ya kife tun a wajen tashi, amma ƙarfin halin da ya sa aka ƙera shi ya ja hankalin manya, kuma daga baya gidan tarihi na Smithsonian a Washington ya karɓe shi ya ajiye. A 2007 Levandowski ya shiga Google, ya yi aikin ɗaukar hotunan tituna don taswira, sannan a 2009 ya kasance cikin 'yan farko da suka kafa shirin motar da ba ta buƙatar direba, ƙarƙashin jagorancin Sebastian Thrun. Sun sa wa shirin suna Chauffeur.

Haziƙi ne, ba a gardama a kan wannan. Amma tun farko yana da hali na ci da hannu biyu. Yana karɓar albashin Google, a gefe kuma yana da kamfanoninsa da ke sayar wa Google ɗin kayan aiki. Shugabannin kamfanin sun sani. Maimakon su taka masa birki, a 2011 sai suka saye kamfanonin, suka kuma saka shi cikin wani tsarin tukuici da a ƙarshe ya kawo masa sama da dala miliyan 120. A ganina nan aka fara shuka abin da aka girba daga baya. Wanda aka nuna wa shekara da shekaru cewa ƙa'ida ba ta hawa kansa muddin aikinsa na kyau, ba abin mamaki ba ne ranar da ya ɗauka babu ƙa'idar gaba ɗaya.

Abin da aka yi ta faɗa a kansa wata na'ura ce da ake kira Lidar. Ita ce idon motar. Tana zaune a saman rufi tana juyawa, tana harba hasken leza sau miliyoyi a cikin daƙiƙa guda, tana auna lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya bugi abu ya dawo. Daga nan kwamfutar motar take zana siffar duk abin da ke kewaye da ita, ta bambance mai keke da turken fitila, ta san nisan kowanne. A shekarun farko na'urar da ake saye a kasuwa, ta kamfanin Velodyne, tana kai wa kusan dala 75,000 guda ɗaya. Google ya kashe shekaru da maƙudan kuɗi yana ƙera tasa a ɓoye, mai araha kuma mai hangen nesa. Yadda aka jera ƙwayoyin leza a kan allo, kusurwar da kowace ke kallo, dabarun da aka gwada suka ƙi, waɗannan su ne dukiyar.

Shi kuwa Travis Kalanick, shugaban Uber, ya riga ya yi lissafinsa. Mafi yawan kuɗin da fasinja ke biya na direba ne. Duk wanda ya riga kowa fitar da mota marar direba zai karya farashi ya kashe kasuwar sauran. Google ya zuba dala miliyan 258 a Uber a 2013, amma Kalanick ya fahimci mai zuba masa jari na shirin zama kishiyarsa. A 2015 Uber ya kwashi masu bincike kusan 40 daga Jami'ar Carnegie Mellon ya buɗe cibiya a Pittsburgh, duk da haka yana bayan Google da shekaru. Cikin wannan hali ne ya haɗu da Levandowski, wanda shi ma ransa ya ɓaci da tafiyar hawainiyar da yake ganin shirin Chauffeur na yi, ga kuma rashin jituwa da Chris Urmson, wanda aka ba jagorancin shirin. Mutanen biyu suka shaƙu, suna doguwar tafiya a ƙafa da dare a titunan San Faransisko suna ƙulla shawara. Kalanick har cewa ya yi Levandowski ɗan'uwansa ne da ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Ga yadda takardar ƙarar ta jera abin da ya faru, kuma kwamfutocin Google ne suka riƙe lissafin. Ranar 11 ga Disamba, 2015, Levandowski ya saka wata manhaja a kwamfutar aikinsa ya shiga rumbun da ake ajiye zane-zanen na'urori, ya sauke fayil sama da 14,000, nauyinsu gigabait 9.7. Ranar 14 ga wata ya jona na'urar karanta katin ajiya a jikin kwamfutar, ta zauna kimanin awa takwas. Ranar 18 ya goge kwamfutar kakaf ya sake mata tsari, bai kuma ƙara amfani da ita ba sai na 'yan mintoci. Ranar 27 ga Janairu, 2016, ya ajiye aiki ba tare da ba da wa'adi ba. Ya kafa kamfanin manyan motocin dakon kaya masu tuƙa kansu, Otto, tare da Lior Ron, ya kuma ja wasu injiniyoyin Google suka bi shi. A watan Agusta na wannan shekarar, kamfanin da bai cika wata takwas da haihuwa ba, Uber ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 680, ya naɗa Levandowski shugaban dukan shirinsa na motoci marasa direba.

Kafin a fahimci aikin da lauyoyi suka yi, sai an san abin da doka ke kira sirrin kasuwanci. Mai ƙirƙira yana da hanya biyu. Yana iya yi wa abin da ya ƙirƙira rajista a hukuma, ya bayyana wa duniya yadda yake aiki, a ba shi shekara 20 ba mai kwaikwayonsa sai da izininsa, bayan nan ya zama na kowa. Ko kuma ya ja bakinsa ya yi shiru, kamar yadda Coca-Cola ya yi da haɗin lemonsa sama da shekara ɗari. Sirri ba shi da wa'adi, amma kariyarsa siririya ce. In wani ya gano shi da ƙoƙarin kansa, ko ya sayi kayanka a kasuwa ya kwance ya ga yadda aka haɗa, doka ba ta hana shi ba. Abin da ta hana shi ne sata, da cin amana, da karɓar abin da ka san na sata ne. Mai ƙara kuma sai ya tabbatar da abu biyu: cewa bayanin yana da daraja ne saboda ba a san shi ba, da cewa ya ɗauki matakan da suka dace wajen ɓoye shi. A watan Mayu na 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta ba kamfanoni damar kai irin wannan ƙara kai tsaye kotun tarayya, kuma ƙarar Waymo na cikin manyan shari'un farko da aka gina a kanta.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da Kalifoniya. Dokar jihar ba ta yarda da yarjejeniyar da ke hana ma'aikaci komawa wajen kishiyar ubangidansa ba. Wannan 'yanci shi ya gina yankin da ake kira Silicon Valley, tun 1957 da injiniyoyi takwas suka bar William Shockley suka kafa Fairchild. Ko a wajenmu, yaron da ya shekara goma a garejin maigidansa, ranar da ya tashi buɗe nasa, ba mai cewa ya ajiye abin da hannunsa ya koya a bakin ƙofa. Amma in ya fita da akwatin sifanu da littafin kwastomomi, to sunan abin ya canza. Dukan shari'ar Waymo da Uber a kan wannan iyaka aka yi ta: mene ne ke cikin kan injiniya, mene ne kuma ke cikin aljihunsa.

Waymo ya ɗauki kamfanin lauyoyi na Quinn Emanuel, wanda aka kafa a Los Angeles a 1986, kuma ba ya wani aiki sai shari'a. Charles Verhoeven ne ya ja ragama. Uber ya tsaya da Morrison & Foerster ƙarƙashin Arturo González, ya ƙara da Karen Dunn ta Boies Schiller Flexner, daga baya ya kawo Bill Carmody na Susman Godfrey. Ba baƙin juna ba ne: a shari'ar Apple da Samsung ta 2012, Morrison & Foerster ne ya tsaya wa Apple, Quinn Emanuel ya tsaya wa Samsung. Shari'ar ta faɗa hannun Alƙali William Alsup, dattijo mai kaifin harshe wanda ke rubuta manhajar kwamfuta don nishaɗi, kuma ya sa ɓangarorin biyu suka zo suka karantar da shi yadda Lidar ke aiki kafin a shiga gardama.

Dabarar farko ta lauyoyin Waymo ita ce ba su saka Levandowski cikin waɗanda ake ƙara ba. Kwangilar aikinsa da Google ta ce duk rigimar da ta taso tsakaninsu a gaban kwamitin raba gardama za a yi ta, a bayan ƙofa. Da sun haɗa da shi, da shari'ar ta ɓace daga idon jama'a. Sai suka kai Uber da Otto kawai. Lauyoyin Uber suka yi ƙoƙarin jan maganar zuwa wancan kwamiti, Alsup ya ƙi, kotun ɗaukaka ƙara ma ta ƙi.

Sai Levandowski ya rufe bakinsa. A watan Maris na 2017 lauyoyinsa suka sanar cewa zai fake da gyara na 5 na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya ba mutum damar ƙin amsa tambayar da za ta iya jefa shi cikin tuhumar laifi. Wannan ya bar Uber tsaka mai wuya. Kamfanin na rantsuwa cewa ko fayil ɗaya bai shiga kwamfutocinsa ba, amma mutumin da ya san gaskiya, wanda kuma shi ne shugaban shirin, ya ƙi cewa uffan. Alsup ya ce a shekara 42 da ya yi a harkar shari'a bai taɓa ganin hujja mai ƙarfin wadda aka kawo a kan sauke fayilolin ba. A watan Mayu ya ba da umarnin a nisanta Levandowski daga duk aikin Lidar, ya kuma miƙa batun ga masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya su duba ko an aikata laifi, abin da alƙalai ba su cika yi ba a tsakiyar rigimar kamfanoni. Kafin watan ya ƙare Uber ya kori Levandowski. A watan Yuni masu jari suka tilasta wa Kalanick sauka, saboda tarin badaƙaloli da wannan ke cikinsu.

Ɓangaren labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rahoton Stroz Friedberg. Ashe tun a watan Maris na 2016, wata biyar kafin a sanar da cinikin Otto, lauyoyin Uber da na Otto sun ɗauko wannan kamfani na masu binciken kwamfuta ya tantance wayoyi da kwamfutocin Levandowski da wasu abokan tafiyarsa. Wato sun san akwai abin tsoro. An tsara aikin ta hannun lauyoyi ne don sakamakon ya shiga ƙarƙashin sirrin da doka ta amince da shi tsakanin lauya da wanda yake karewa. Masu binciken suka sami tarin bayanan Google a na'urorinsa, har da imel na aiki kimanin 50,000. Shi da bakinsa ya gaya wa shugabannin Uber cewa ya tarar da faifai biyar a gidansa ɗauke da bayanan Google. Kalanick ya ce masa Uber ba ya son su, daga baya Levandowski ya ce ya kai an niƙe su, masu binciken kuma ba su iya tabbatar da hakan yadda zai gamsar ba. Duk da wannan, a watan Afrilu, tun rahoton bai kammala ba, Uber ya sa hannu a yarjejeniyar, har da alƙawarin ɗaukar nauyin Levandowski in Google ya kai shi ƙara kan abubuwan da ya bayyana wa masu binciken.

Lauyoyin Levandowski sun yi watanni suna kokawar kada rahoton ya fito, suka kai har kotun ɗaukaka ƙara, suka sha kaye a watan Satumba na 2017. Takardar da aka shirya don ta zama garkuwa ita ta koma babbar hujjar abokin gaba. Kamfanin Morrison & Foerster kansa ya shiga tsaka, domin shi ya ba da shawara a cinikin Otto, shi ne kuma ke kare cinikin a kotu, har Waymo ya nemi a cire shi daga shari'ar. Ban ga laifi a binciken da aka sa aka yi ba, aikin lauya na gari ke nan ya leƙa rami kafin wanda yake karewa ya taka. Inda aka kauce shi ne an leƙa, an ga abin da ke ciki, sannan aka rubuta kwangilar da za ta sa a iya takawa a haka. Kalanick ya shaida wa kotu cewa bai ma karanta rahoton ba.

Ana saura kwanaki a fara sauraron shari'a a Disamba, sai wani abu ya sake ɓullowa. Ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya ya aiko wa Alsup labarin wata wasiƙa mai shafi 37, wadda lauyan wani tsohon jami'in tsaron Uber, Richard Jacobs, ya rubuta wa kamfanin tun watan Mayu. Wasiƙar ta yi zargin cewa Uber na da sashe na musamman mai leƙen asirin kishiyoyi, yana amfani da kwamfutocin da ba a iya danganta su da kamfanin, da manhajar Wickr mai goge saƙo da kanta. Uber ya riga ya sasanta da Jacobs a kan dala miliyan 4.5, lauyansa ya sami miliyan 3, kuma ba a miƙa wa Waymo wasiƙar ba duk da umarnin kotu na a fito da takardu. Da aka kira Jacobs ya ba da shaida, ya janye wasu zarge-zargen, har da wanda ya shafi Waymo kai tsaye. Amma ɓarnar ta riga ta auku. Alsup ya faɗa a bainar jama'a cewa ba zai ƙara amincewa da maganar lauyoyin Uber a wannan shari'a ba, kuma ko rabin abin da ke cikin wasiƙar ne gaskiya, zalunci ne a tilasta wa Waymo shiga shari'a ba tare da ya bincika ba. Aka ɗage zuwa Fabrairu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka Waymo na ta cin nasara ne kawai. A Kalifoniya mai ƙara dole ya zayyana sirrin da yake cewa an sace, dalla-dalla, kafin a bar shi ya binciki takardun abokin shari'arsa, don kada ya leƙa tukuna sannan ya ce abin da ya gani nasa ne. Waymo ya kawo jerin sirri 121. Alsup ya ga wasunsu ilimin kimiyyar haske ne da ke cikin littattafan makaranta, ya matsa a rage, har aka dawo 8. Zarge-zargen keta rajistar ƙirƙira da aka haɗa da su tun farko duk aka janye su. Ƙwararren da Waymo ya kawo ya ƙiyasta asarar dala biliyan 1.86, alƙali ya hana shi ba da shaida, ya ce lissafin ba shi da tushe. Lauyoyin Uber kuma suka tono imel na injiniyan Google mai kula da rumbun, inda ya rubuta cewa bayanan da ke ciki ba masu daraja sosai ba ne, kuma manhajar da ake shiga da ita takan sauke komai gaba ɗaya ga duk wanda ya jona. Bayan watanni ana binciken kwamfutocin Uber, ba a sami fayilolin 14,000 a cikinsu ba. Tabbatar da cewa mutum ya ɗauka abu ne guda, tabbatar da cewa sabon ubangidansa ya yi amfani da abin kuma wani aiki ne daban.

Irin wannan shari'a tana da wata matsala da ba a samu a sauran ba. Wanda ya zo kare sirrinsa dole ya buɗe shi a gaban alƙali da lauyoyin abokin gaba. Don haka ake yi wa takardu tambarin cewa idon lauyoyi kaɗai zai gan su, ko shugaban kamfanin da suke karewa ba a nuna masa. Da aka fara zama ranar 5 ga Fabrairu, 2018, duk lokacin da za a taɓa ainihin sirrin sai a fitar da 'yan jarida da 'yan kallo a rufe ƙofa. Mutanen gari da aka zaɓo su yanke hukunci su ma aka gargaɗe su cewa abin da suka ji ba na fitarwa ba ne. Alsup ya sha yi wa ɓangarorin biyu faɗa kan yawan shafe layuka a takardu, yana tuna musu cewa kotu ta jama'a ce.

Verhoeven ya gina jawabinsa a kan halin Kalanick, mutumin da ya ƙudurta sai ya yi nasara ko ta halin ƙaƙa. Ya nuna saƙonnin waya da suka yi musaya da Levandowski, inda ake cewa wanda ya zo na biyu shi ne farkon waɗanda suka faɗi. Ya sa aka kunna wa kotu wani yanki na fim ɗin Wall Street na 1987, wanda Levandowski ya tura wa Kalanick, inda jarumin ke yabon haɗama. Ya kawo batun hannun jarin Uber na kusan dala miliyan 250 da aka ware wa Levandowski, wanda lissafinsa ya fara daga washegarin barinsa Google. Carmody ya tsaya a kan abu guda: ba makirci, ba maguɗi, kuma babu sirrin Waymo ko ɗaya a cikin na'urar Uber. Kalanick ya yi kwana biyu yana ba da shaida cikin natsuwar da ba a san shi da ita ba.

Safiyar Juma'a, 9 ga Fabrairu, kwana na biyar, lauyoyi suka miƙe suka ce an sasanta. Uber zai ba Waymo kashi 0.34 cikin ɗari na hannun jarinsa, kimanin dala miliyan 245, ya kuma yi alƙawarin ba zai yi amfani da bayanan Waymo a na'urori ko manhajarsa ba. Sabon shugaban Uber, Dara Khosrowshahi, ya rubuta cewa yana nadama, cewa ya kamata a ce an bi cinikin Otto ta wata hanya, amma bai yarda wani sirri ya iso kamfaninsa ba. Kowa ya sami abin da ya fi buƙata. Uber na shirin shiga kasuwar hannun jari, ba ya son hukunci na rataye a wuyansa. Waymo kuwa ya riga ya raba kishiyarsa da babban injiniyanta, ya cinye mata shekara guda, ya kuma aika saƙo ga duk ma'aikacinsa mai tunanin fita da kaya. Wata shida kacal da shigar Uber kasuwar jari, a ƙarshen 2019, kamfanin ya bayyana cewa ƙwararren da aka naɗa bisa yarjejeniyar ya gano wasu sassan manhajarsa da sai dai a sake su ko a biya Waymo lasisi.

Manyan sun sasanta, saura mutum ɗaya. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta tuhumi Levandowski da laifi 33 na sata da yunƙurin satar sirrin kasuwanci, kowanne na iya jawo ɗaurin shekara 10. A ɗaya gefen, kwamitin raba gardamar nan, wanda Google ya kai shi gabansa daban, ya same shi da laifin saɓa kwangila da zawarcin ma'aikatan Google tun yana cikin kamfanin. Da aka haɗa da kuɗin ruwa da na lauyoyi, bashin ya kai dala miliyan 179. Ranar 4 ga Maris, 2020, da kotu ta tabbatar da hukuncin, a ranar ya shigar da takardar karayar arziki. Uber, wanda ya yi alƙawarin tsaya masa, ya ce alƙawarin ya warware tunda an yaudare shi.

A cikin watan ne ya amsa laifi guda daga cikin 33. Abin lura, laifin ba a kan zanen Lidar ba ne. Wata takarda ce ta rahoton mako-mako, mai ɗauke da burin shirin Chauffeur, da matsalolin da injiniyoyi ke fama da su, da yadda suka warware wasu. Ya yarda ya sauke ta da niyyar amfanin kansa da na Uber. Ranar 4 ga Agusta, 2020, Alsup ya yanke masa ɗaurin wata 18, da tarar dala 95,000, da diyyar dala 756,499 ga Waymo. Ya ce wannan ne laifin satar sirrin kasuwanci mafi girma da ya taɓa gani, kuma in bai ɗaure shi ba, ya buɗe wa duk wani haziƙin injiniya ƙofar yin haka. Saboda annobar korona, ya yarda a jinkirta shigarsa gidan yari har cutar ta lafa.

Bai shiga ba. A sa'o'insa na ƙarshe a kan mulki, ranar 20 ga Janairu, 2021, Shugaba Donald Trump ya yi masa cikakkiyar afuwa. Sanarwar fadar shugaban ta lissafa waɗanda suka goyi bayan afuwar, cikinsu har da attajirin fasaha Peter Thiel da Palmer Luckey. Wannan afuwa ba ta yi mini daidai ba. Alƙalin da ya shekara uku yana bin shari'ar, wanda ya san kowace takarda a cikinta, ya auna ya ba da hukunci mai sauƙi, ƙasa da wata 27 da masu gabatar da ƙara suka nema. Kotunan Amurka sun ɗaure ƙananan injiniyoyi da masu bincike kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba su da attajirin da zai kai sunansu fadar shugaban ƙasa.

Uber ya rufe sashen manyan motocin da ya gada daga Otto a 2018, shekarar da motarsa ta gwaji ta kashe wata mata mai tsallaka titi a Tempe ta jihar Arizona. A Disamba 2020 ya miƙa dukan shirinsa na motoci marasa direba ga kamfanin Aurora, wanda Chris Urmson ke shugabanta. A farkon 2022 aka rufe rigimar bashin, Uber ya biya Google kaso mai tsoka, ya ba Levandowski dala miliyan 2. A 2023 Waymo da Uber suka ƙulla haɗin gwiwa a birnin Phoenix, kuma daga 2025 mazauna Austin da Atlanta na kiran motar Waymo marar direba ta cikin manhajar Uber.